RARIYA A TSOHON SITO: INA RUWAN WANKI ZAI NUFA?

A ƙauyuka da yawa ƙungiyoyin gama kai na manoma ba su jira sai sun tara kuɗin sabon gini kafin su soma sana'a. In akwai tsohon sito, ko ajin da makaranta ta bari, ko ɗakin baƙi da ba mai kwana ciki, sai a gyara shi a mai da shi ɗakin injin markaɗe, ko wurin gurza rogo, ko ɗakin matsar man gyaɗa, ko wurin tara madara, ko kuwa garken aladu. Wannan dabara ce mai kyau, gama tana rage tsada ƙwarai.

Amma akwai abu guda da a kan manta. Sito an gina shi ne domin ya zauna a bushe, sabon aikin kuwa na ruwa ne. Kowace rana za a wanke injin, a wanke kwanoni, a wanke daɓe. Idan ba a shirya wa ruwan nan hanya ba, shi zai nemi tasa. Zai kwanta a gindin bango har bangon ƙasa ya jiƙe ya soma zubewa, ko ya fita ta ƙofa ya zama taɓo inda mata ke tsayawa da kayan markaɗe, ko kuwa ya nutse a ƙasa ya gangara rijiyar da dukan unguwa ke sha. Saboda haka, 'yan'uwa, kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, ya kamata kwamiti ya zauna ya amsa tambayoyi uku: wane irin ruwa ne zai fita, yawansa nawa ne, ina kuma ƙasa za ta iya karɓarsa.

WANE IRIN RUWA NE, NAWA NE KUMA?

Ruwan wanki iri iri ne. Na ɗakin markaɗe yana ɗauke da dusa da gasara. Na ɗakin madara da na man gyaɗa yana da maiƙo, maiƙo kuwa shi ne babban mai toshe ƙasa. Na garke yana ɗauke da kashi da fitsarin dabbobi. Ruwan da a ke matsewa daga rogo mai ɗaci yana da guba, akuya ko tunkiya in ta sha da yawa tana iya mutuwa, don haka ba a barinsa a fili.

Akwai kuma ɗakin da bai kamata a yi masa rariya ba ko kaɗan, watau inda a ke ajiye maganin ƙwari, da maganin ciyawa, da takin zamani, da man injin. In irin waɗannan suka zube, sai a tsotse su da yashi ko garin katako a kwashe, kada a kore su da ruwa zuwa cikin ƙasa. Takin zamani in ya yi yawa a ruwan rijiya yana cutar jarirai, baƙin mai kuwa in ya shiga rijiya ta lalace ke nan har shekaru. Idan injinku mai shan man gas ne, ku yi masa ɗan dakali mai baki a kewaye, domin man da ke ɗiga kada ya bi ruwan wanki.

Game da yawan ruwa, kada a yi ta kintace. Ku sa mutum ɗaya ya ƙirga garwa ko jarka nawa a ke zubarwa a ranar da aiki ya fi yawa, kamar jajiberen kasuwa. Garwa lita 18 ce, babban duro kuwa lita 200, watau kimanin garwa 11. Da wannan lissafi za a san girman ramin da za a haƙa.

GYARAN DAƁE

Rariya ba ta da amfani in daɓe bai gangara wajenta ba. Gangaren da ya dace shi ne santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Idan faɗin ɗakin mita 4 ne kuma rariyar tana tsakiya, gindin bango zai fi bakin rariya tudu da santimita 4. Amma a tsohon gini ya fi sauƙi a karkata dukan daɓen zuwa gefe guda, a yi ƙaramar kwata a gindin bangon da ke wajen gangare, ta zuba a kusurwa. Haka nan ba sai an fasa tsakiyar ɗaki ba, kuma tsintsiya tana isa ko'ina. Birkila ya yi amfani da siririn tiyo mai ruwa a ciki ya sa alama a bango huɗu, domin ido yana ruɗi.

In tsohon daɓen na ƙasa ne, sai a kwashe shi, a daddage ƙasan, a zuba kankare mai kaurin santimita 10, watau inci 4. Awon shi ne kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. In kuwa daɓen siminti ne mai ƙarfi, sai a sassare fuskarsa da guduma, a wanke, a ɗora sabon shafe mai gangare, siminti ɗaya yashi uku. A duba dokin ƙofa tun da wuri, kada sabon daɓe ya hana ƙyaure buɗewa. Bayan an gama a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7 kafin a ɗora injin.

Idan bangon na tubali ne ko jar ƙasa, lalle ne a yi masa shafen siminti daga ƙasa zuwa sama aƙalla santimita 30, kuma inda bango ya haɗu da daɓe a lanƙwasa shafen kada a bar kusurwa mai kaifi. Inda bututu zai ratsa bango a fasa ƙofa daidai girmansa, a ɗora dutse mai faɗi ko bulo a bisa, a cike gefen da siminti. Kada a yi haƙa a ƙarƙashin harsashin tsohon gini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani lokaci a kan tarar daɓen ɗaki ya fi ƙasar waje zurfi. Ruwa ba ya hawa tudu, saboda haka ko dai a cike ɗakin a ɗaga daɓen, ko a kai bututu nesa har inda ƙasa ta gangara ta fi ɗakin zurfi. In ba haka ba, ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi rariyar nan ita za ta shigo da ruwa cikin ɗaki.

BAKIN RARIYA, BUTUTU DA AKWATIN TACEWA

Bakin rariya yana bukatar raga ta ƙarfe wadda a ke iya ɗagawa, domin ta tare ɓawo da ƙyalle, ta kuma hana ɓera da maciji shigowa. Ƙarƙashinta a sa gwiwar bututu mai lanƙwasa wadda ruwa ke zama a cikinta kullum, zurfin santimita 5. Ruwan nan shi ne ƙyauren da ke hana wari da kyankyaso da sauro hawowa daga rami. Da hunturu, in an yi kwanaki ba a aiki, ya kan ƙafe, don haka a riƙa zuba bokiti guda kowane mako.

Bututun roba mai faɗin inci 4 shi ya fi dacewa. Ƙaramin bututu yana da araha, amma gasara tana toshe shi nan da nan. A ba shi gangaren santimita 2 da rabi a kowace mita, watau in tsawonsa mita 6 ne ƙarshensa zai fi farkonsa zurfi da santimita 15. A binne shi aƙalla santimita 30, gama rana tana busar da roba ta karye, inda amalanke ke wucewa kuwa a ƙara zurfi. A bi da shi a miƙe. In tilas ne ya juya, a gina ƙaramin akwati mai murfi a wurin juyawar, domin a iya zura sanda in ya toshe.

Kowace hanya kuka zaɓa, kada ku bar akwatin tacewa. Wannan ƙaramin rami ne na bulo a bayan bango, faɗi da tsawo da zurfi kimanin santimita 60, da shafen siminti a ciki da murfi a sama. A tsakiyarsa a kan sa ɗan bango wanda bai kai ƙasa ba. Ruwa in ya shigo sai ya lafa, laka da dusa su kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya kaɗai ya bi ta ƙarƙashin bangon ya fita. A kwashe shi sau ɗaya a mako, a kai abin da aka kwashe ramin taki.

GWAJIN ƘASA

Ƙasa ba ɗaya ba ce. Jigawa, irin ta arewacin Katsina da Sakkwato da ƙasar Maraɗi, tana shan ruwa da sauri. Marmara da dutse, irin na tudun Jos, wani wuri suna sha, wani wuri ba su sha. Baƙar laka, irin ta kewayen tafkin Chadi da ta wajen Numan, tana tsagewa da rani, amma da ta jiƙe sai ta kumbura ta rufe, ruwa ba ya wucewa.

Ga yadda a ke gwadawa. A inda kuke so ku yi ramin, ku haƙa har zurfin da bututu zai iso. A ƙasan wannan ku sake haƙa ƙaramin rami, faɗi da tsawo da zurfi santimita 30. Ku cika shi da ruwa ku bari ya kwana. Kashegari ku kafa sanda mai alama biyu, tsakaninsu santimita 15, ku sake cika ramin, ku duba agogo daga lokacin da ruwa ya sauko alamar sama har ya kai ta ƙasa. Ku yi haka sau uku. In ya ɗauki tsakanin rabin sa'a da sa'a huɗu, ƙasar ta dace. In ya wuce sa'a huɗu, rami ba zai yi aiki a wurin ba. In kuwa bai kai rabin sa'a ba, ƙasar tana saurin sha har ba ta tace ƙazanta sosai, sai a ƙara nisa da rijiya.

Ku kuma leƙa rijiyoyin kusa a watan Agusta ko Satumba, sa'ad da ruwan ƙasa ya fi tasowa. Ƙasan raminku ya kamata ya fi wannan ruwa tudu da mita ɗaya da rabi aƙalla.

HANYA TA ƊAYA: SAKIN RUWA A FILI

Ita ce wadda kowa ya saba da ita, a huda bango ruwa ya fita kwararo. Ba ta cin kuɗi, amma ita ta fi jawo hasara. Sauro yana girma daga ƙwai har ya tashi cikin mako guda zuwa kwana goma a lokacin zafi, kaji da aladu suna tona wurin, yara suna wasa ciki, maƙwabta kuma su kai ƙara wurin mai unguwa ko duba-gari. Ba ta dace ba sai inda ruwan kaɗan ne, ba shi da maiƙo, kuma akwai fili mai gangare na ƙungiya. Ko a nan ma a yi kwatar siminti ta kai ruwan mita 3 nesa da bango, ya bazu a kan tsakuwa.

HANYA TA BIYU: SOKAWE

Sokawe rami ne da ke tara ruwa har ƙasa ta tsotse shi ta gefe. Bisa ga lissafin masanan tsabta, kowace murabba'in mita ta jikin rami tana shan kimanin lita 50 a rana in yashi ne, lita 30 in ƙasar noma ce mai yashi, lita 20 in da ɗan laka, lita 10 in laka ce mai tauri. Ba a ƙirga ƙasan ramin, domin shi ke fara toshewa.

Ga misali. Ƙungiya tana zubar da duro ɗaya a rana, lita 200, ƙasarta kuma mai shan lita 20 ce. Ana bukatar murabba'in mita 10 ke nan. Rami mai kewaye wanda faɗinsa mita ɗaya da rabi, zagayensa ya kai mita 4.7, saboda haka zurfinsa ƙarƙashin bututu sai ya ɗan wuce mita 2.

Ana iya cika ramin da manyan duwatsu irin girman kan mutum a ƙasa, ƙanana a sama, a rufe da tsofaffin buhuna kana a zuba ƙasa. Wannan ya fi araha, ba ya kuma rubzawa. Ko kuwa a gina jikinsa da bulo ana barin ƙofofi tsakani, a rufe da murfin kankare mai rodi. Wannan ya fi ɗaukar ruwa, ana kuma iya yashe shi. Ko wanne aka yi, a rufe shi ruf domin sauro da yara, a tara ƙasa a kansa ta yi tudu. Ya yi nisan mita 5 da kowane gini, mita 30 da rijiya, watau ƙafa 100, kuma a wajen gangare, ƙasa da rijiyar. Inda dutse ke da tsaguwa ruwa yana tafiya nesa ba tare da ya tacu ba, sai a ƙara nisan.

Batun rijiya ba abin wasa ba ne. A shekara ta 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Likita John Snow ya bi sawun cutar har ya gano daga famfon rijiya guda mutanen ke sha, daga baya kuma aka tona aka tarar da ramin ƙazanta wanda nisansa da rijiyar bai kai mita ɗaya ba. A Nijeriya ma, cikin 2021, an ba da rahoton mutum fiye da 100,000 da a ke zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, yawancinsu a jihohin Arewa.

HANYA TA UKU: DOGON RAMI MAI TSAKUWA

Inda dutse ke kusa, ko ruwan ƙasa ke tasowa da damina kamar bakin fadama, ba a iya haƙa rami mai zurfi. Sai a kwantar da ramin, watau a haƙa lambatu mai faɗin santimita 45, a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 60, a ɗora bututu da aka huhhuda a kai, a rufe da tsakuwa da buhuna da ƙasa. Kowace mita ta tsawonsa tana ba da murabba'in mita 1.2, gefe biyu. Ruwan misalinmu na ɗazu zai bukaci lambatu mai tsawon mita 9. A nan gangaren bututu kaɗan a ke so, domin ruwa ya rarrabu ko'ina. Kada a shuka itace mai dogon saiwa kusa, kada kuma mota ta bi ta kai.

HANYA TA HUƊU: RAMIN AYABA

In ruwan na wankin hatsi ne ko na daɓe, ba guba ba sabulu mai yawa, hasara ce a binne shi a ƙasar da rani ke yin wata shida ko bakwai. A haƙa rami kamar ƙwarya, faɗi mita 2, zurfi mita 1, a cika shi da kara da ganye da ɓawon gyaɗa, bututu ya zuba ƙarƙashin tarin. A bakin ramin a dasa ayaba da gwanda da gwaza. Su za su shanye ruwan, karan kuma ya ruɓe ya zama taki. A riƙa ƙara kara domin kada ruwa ya bayyana a fili. Amma kada a shayar da latas ko wani ganyen da a ke ci ɗanye da irin ruwan nan. Da damina tsire-tsire ba su shan da yawa, don haka a ƙasar laka ramin ayaba shi kaɗai ba ya isa.

HANYA TA BIYAR: TANKIN TARAWA

Wannan ita ce ta garken dabbobi, da ɗakin rogo, da kuma ƙasar da gwaji ya nuna ba ta sha. A gina tankin siminti mai murfi wanda ba ya yoyo, ko a binne duro biyu. Ruwan garke taki ne mai kyau, a bar shi ya daɗe, a sirka da ruwa, a kai gonar masara ko gindin itatuwa. Ruwan rogo kuwa a bar shi ya kwanta, sitaci zai taru a ƙasa, sa'an nan a zubar da na sama a ramin da aka killace inda dabba ba ta isa. Wahalar wannan hanya ita ce kwasa. In ba a naɗa mai yi ba, tanki zai cika ya malala.

ABIN DA ZA A GUJE WA

Kada a haɗa rariya da masai. Ramin masai ba a yi shi domin ruwa mai yawa ba, zai cika da wuri, jikinsa ya yi laushi ya rubza. Inda akwai tankin bayan gida na zamani, kada a haɗa sai an tambayi malamin tsabta, gama ruwa mai yawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta suna ɓata aikin tankin. Kada kowa ya shiga irin wannan rami, iskar da ke ciki tana kashe mutum.

Kada kuma a bar ruwan indararo ya shiga sokawe. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai mita 6 da mita 4, in aka yi ruwa na milimita 50, zai zubo da lita 1,200, watau duro shida a dare ɗaya. Gara a tare shi a tanki a yi wanki da shi.

GA 'YAN KWAMITI

Tun ran gini tun ran zane. Ku yi gwajin ƙasa da leƙen rijiya da damina, ku yi haƙa da gini da rani bayan an gama kaka, sa'ad da hannuwa ke da sarari. Duwatsu da yashi da haƙa aikin gayya ne, kuɗin ƙungiya sai ya tafi ga siminti da bututu da ladan birkila. Ku kira malamin tsabta na ƙaramar hukuma da maƙwabtan da ke da rijiya su ga wurin kafin a sa diga a ƙasa. Magatakarda ya zana inda bututu da rami su ke a littafin ƙungiya, domin waɗanda za su gaje ku kada su yi gini a kai. Sa'an nan a rubuta sunan wanda zai riƙa kwashe akwatin tacewa kowace Asabar, a yanka masa ɗan lada daga kuɗin markaɗe. Ku kawo maganar nan a taronku na wannan wata, ku zagaya bayan ɗakin aikinku tare, ku ga inda ruwa ke kwanciya yanzu.